Hasashen tangal-tangal ɗin kasuwa: me ya sa tsohon lissafin GARCH ya ƙi kayuwa?

Bari mu fara da wasu lambobi daga kasuwar hannayen jari ta Amurka. Akwai ma'aunin da ake kira S&P 500, wanda yake bin farashin manyan kamfanoni 500 na ƙasar. A duk shekarar 2017, kwana 8 kacal ma'aunin nan ya motsa da kashi 1 cikin 100 ko fiye a rana guda. Sauran kwanakin duk shiru, kamar ruwan randa.

To ga abin da ya yi a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta shigo. Ranar 12 ga wata ya faɗi da kashi 9.5. Washegari ya tashi da kashi 9.3. Ranar Litinin 16 ga wata ya sake faɗuwa da kusan kashi 12, ranar Talata ya tashi da kashi 6, ranar Laraba ya faɗi da kashi 5.

Da a ce an tsayar da kai a yammacin Litinin ɗin nan an ce ka faɗi inda kasuwa za ta nufa gobe, sama ko ƙasa, da caca kawai za ka yi. Amma da an ce ka faɗi ko motsin gobe babba ne ko ƙarami, ai ba sai ka yi dogon tunani ba. Babba ne. Wannan girman motsin, ba tare da an damu da inda ya dosa ba, shi za mu kira tangal-tangal a wannan rubutun. Alkiblar farashi kusan ba ta hasasuwa, amma tangal-tangal yana hasasuwa, domin yana zuwa ne a jere. Direban da ya saba hanya ya san haka: in ka faɗa rami uku a jere, kada ka ƙara mai, ka shiga ɓangaren da titi ya lalace kenan. Masanin lissafi Benoit Mandelbrot ya rubuta wannan lura tun 1963 a wani nazari da ya yi kan farashin auduga.

Tambayar da masana ƙididdiga suka shafe shekaru sama da 40 suna gardama a kanta ita ce: wane lissafi ne ya fi iya wannan hasashen?

Me ya shafe mu?

Kafin mu shiga cikin lissafin, ga dalilin da ya sa abin ba wasan 'yan jami'a ba ne. A ce asusun fansho yana riƙe da hannayen jari na miliyan 100. Mai kula da haɗari a wurin yana son ya san asarar da, a kwana 99 cikin 100, ba za a wuce ta ba a rana guda. Hanya mafi sauƙi ita ce a ninka tangal-tangal ɗin da ake hasashe da 2.33. In hasashen kashi 1 ne, amsar miliyan 2.33. In kashi 1.7 ne, ta kusa miliyan 4. Daga wannan lambar ake yanke nawa za a ajiye a gefe, nawa za a sayar. Tun 1996 dokokin Basel suka ba manyan bankuna damar amfani da irin wannan lissafin wajen ƙayyade jarin da za su tanada, da sharaɗin za a duba su: a kwana 250, in asara ta zarce hasashe sau 4 ko ƙasa, lafiya lau, daga 5 zuwa 9 an fara sa ido ana ƙara musu nauyi, 10 zuwa sama kuwa, lissafin ya faɗi jarrabawa.

Wanda ya yi hasashe ƙasa da gaskiya, guguwa ta same shi ba shiri. Wanda ya yi sama da gaskiya ya ɗaure kuɗin da ya kamata su yi aiki. Duka biyun asara ce, sai dai ba girmansu ɗaya ba, kuma za mu dawo kan wannan.

'Yan takarar

Na farko shi ne mafi tsufa: ka ɗauki kwanaki 250 da suka wuce, ka ninka motsin kowace rana da kansa (domin faɗuwa da tashi su zama iri ɗaya), ka fitar da matsakaici. Kowace rana nauyinta ɗaya, ta jiya da ta wata goma baya.

Na biyu ya fito daga bankin J.P. Morgan, wanda ya saki tsarinsa mai suna RiskMetrics ga jama'a a 1994. Shi cewa ya yi jiya ta fi shekaranjiya muhimmanci. Hasashen gobe shi ne kashi 94 na hasashen da aka yi wa yau, a haɗa da kashi 6 na abin da ya faru yau ɗin. Shi kenan.

Na uku shi ne GARCH, kuma yana da ɗan tarihi. Robert Engle ya fara tunanin abin yana hutun bincike a makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan a 1979, ya buga shi a 1982 da sunan ARCH. Abin mamaki, ba kasuwar jari yake nazari ba, hauhawar farashi a Birtaniya yake dubawa. Ɗalibinsa Tim Bollerslev, ɗan ƙasar Denmak, ya faɗaɗa lissafin a 1986 ya zama GARCH. Wannan aikin ne ya kai Engle ga lambar Nobel ta tattalin arziki a 2003, tare da Clive Granger. Mafi sauƙin nau'insa, GARCH(1,1), yana haɗa abu uku: motsin yau, hasashen da aka yi wa yau, da kuma wani matakin da kasuwa take komawa a kai in ƙura ta lafa.

Mu gwada su da misali, lambobin namu ne don bayani kawai. A ce kasuwa ta daɗe tana motsin kashi 1 a rana, sai yau ta faɗi da kashi 5. Biyar sau biyar 25.

Mai kwana 250 zai cire tsohuwar rana ɗaya ya saka 25 a gurbinta, ya raba da 250. Hasashensa na gobe ya tashi daga kashi 1 zuwa 1.05. Kusan bai ji komai ba. Kuma yana da wata mummunar ɗabi'a: bayan kwana 250 daidai, ranar nan za ta fice daga jerin, hasashen ya faɗi kwatsam ba tare da wani abu ya faru a kasuwa ba.

RiskMetrics zai ce: 0.94 sau 1, a haɗa da 0.06 sau 25, ya ba da 2.44. Lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 2.44 ita ce wajen 1.56. Hasashen gobe kenan, kashi 1.56.

GARCH, in muka ba shi nauyin 0.08 ga motsin yau, 0.90 ga tsohon hasashe, da 0.02 na komawa gida, zai ba da 2.92, wato kashi 1.71. A gobe kaɗai, bambancinsa da RiskMetrics ba shi da yawa. Bambancin yana fitowa ne in ka tambaye su wata biyu masu zuwa. RiskMetrics zai maimaita maka 1.56 ko da shekara ka tambaya, domin ba shi da gidan komawa. GARCH zai ce tsoron zai riƙa raguwa. Da waɗannan lambobin, rabin ƙarin zai gushe cikin kwana 34 na ciniki. Kuma su nauyin nan ba da ka ake zaɓensu ba, kwamfuta ce take fitar da su daga tarihin farashin kasuwar da ake nazari.

Daga nan sai aka buɗe ƙofa. Kowane mai bincike ya ga wani abu da GARCH bai kama ba, sai ya ƙara masa harafi. Daniel Nelson ya kawo EGARCH a 1991. Glosten da Jagannathan da Runkle suka kawo nasu a 1993, ana kiransa GJR. Akwai IGARCH, akwai FIGARCH, akwai APARCH. Har ta kai Bollerslev da kansa ya zauna ya rubuta ƙamus na sunayen, kuma sun haura ɗari.

Matsalar alƙali

Nan ne wurin da abin ya fi daɗi, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

In mai hasashen yanayi ya ce gobe za a yi ruwa milimita 20, akwai gwangwanin awo a waje, gobe sai a duba. Shi tangal-tangal ba a ganinsa. Abin da ake gani farashin rufewa ne kawai. A ce hannun jari ya buɗe a 100, ya faɗi 95 da hantsi, ya haura 104 da azahar, ya rufe a 100. Wanda ya wuni a kasuwar ya san an sha wuya. Wanda ya duba farashin rufewa kaɗai zai rubuta sifili.

Shekaru da dama haka aka riƙa yi wa GARCH hukunci: a kwatanta hasashensa da motsin rufewa zuwa rufewa. Sakamakon kuwa abin kunya. Nazari bayan nazari ya nuna hasashen bai bayyana ko kashi 10 cikin 100 na abin da ya faru ba, har wasu suka fara cewa lissafin ado ne kawai. A 1998 Torben Andersen da Bollerslev suka mayar da martani. Suka ɗauki canjin dala da mak na Jamus da kuma yen na Japan, amma maimakon farashi ɗaya a rana, suka auna motsin kowane minti 5, suka tara na yini duka. Da wannan sabon ma'aunin, GARCH(1,1) ɗin nan dai, ba a canza masa komai ba, ya tashi daga bayyana ƙasa da kashi 5 zuwa kusan rabi a canjin dala da mak. Ashe ɗalibin bai faɗi ba, takardar amsoshin malamin ce ke da kuskure.

Akwai matsala ta biyu, ita ce yadda ake ba da maki. In hasashe ya kuskure, ya za a hukunta shi? Wata hanyar tana ninka kuskuren da kansa, ba ruwanta ko sama ka yi ko ƙasa. Wata kuma, da ake kira QLIKE, ta fi tsananta wa wanda ya yi hasashe ƙasa da gaskiya, abin da ya fi dacewa da halin mai kula da asusun fansho da muka ambata. Andrew Patton ya nuna a 2011 cewa tunda ma'aunin gaskiyar kansa yana da hayaniya, wasu hanyoyin ba da maki da aka saba amfani da su za su iya ɗora lissafi mara kyau a kan mai kyau. Waɗannan biyun da muka faɗa suna cikin waɗanda suka tsira daga wannan aibin.

Ta uku kuma sa'a ce. Tara mutum 330 ka ce kowa ya jefa kwabo sau goma, da wuya a rasa wanda zai samu kai sau takwas ko tara. Ba gwaninta ba ce. Haka in ka gwada lissafi 330 a kan bayanai ɗaya, dole wani ya zo na ɗaya.

Gasar 330

Ba da gangan kawai muka ce 330 ba. A 2005 Peter Hansen da Asger Lunde suka buga nazarin da har yau ake komawa gare shi, wanda takensa ma tambaya ce: shin akwai abin da ya doke GARCH(1,1)? Suka jera nau'o'i 330 na dangin ARCH, suka horar da su a kan wani ɓangare na tarihi, sannan suka sa su hasashen kwanakin da ba su taɓa gani ba. Suka auna gaskiya da bayanan cikin yini, suka kuma yi amfani da gwajin da yake cire tasirin sa'a. Kasuwa biyu suka gwada: canjin dala da mak, da hannun jarin kamfanin IBM.

A kasuwar canji, ba su samu hujjar cewa wani ya fi GARCH(1,1) ba. Duk ƙarin haruffan nan ba su sayi komai ba.

A hannun jarin IBM kuwa an doke shi a fili, kuma waɗanda suka doke shi suna da siffa ɗaya: suna bambanta faɗuwa da tashi. Shi GARCH na asali, tunda yana ninka motsi da kansa, faɗuwar kashi 5 da tashin kashi 5 duk 25 ne a wurinsa. Amma a kasuwar hannun jari ba haka abin yake ba. Faɗuwa ta fi tashi tayar da hankali. Fischer Black ya ba da wani bayani a 1976: in darajar kamfani ta faɗi, bashin da ke kansa bai ragu ba, don haka kamfanin ya ƙara zama mai haɗari. Masana da yawa suna ganin wannan bai isa ya bayyana girman abin ba, tsoro ma yana da nasa kason. Ko ma mene ne dalilin, EGARCH da GJR an gina su ne don su kama wannan.

To me ya sa wannan dabarar ba ta yi amfani a canjin dala da mak ba? Saboda a can faɗuwar ɗaya tashin ɗayan ne. Ranar baƙin cikin mai riƙe da dala ita ce ranar murnar mai riƙe da mak. Babu ɓangaren da za a kira mummunan labari ga kowa da kowa.

A ganinmu wannan shi ne abu mafi amfani a nazarin gaba ɗaya. Ƙarin da ya ci nasara shi ne wanda ya dace da wata ɗabi'a ta gaske a kasuwar da ake magana, sauran kuwa kaya ne kawai aka ƙara wa jaki.

Wanda ya zo daga baya

Bayan aikin Andersen da Bollerslev, wata tambaya ta taso da kanta. In bayanan minti 5 sun fi kyau wajen yanke hukunci, me zai hana a yi hasashen da su kai tsaye? Fulvio Corsi ya buga amsa mai sauƙi a 2009, ana kiranta HAR. Ka ɗauki tangal-tangal ɗin da aka auna jiya, da matsakaicin kwana 5 na ƙarshe, da matsakaicin kwana 22, ka ba kowanne nauyinsa. Hujjarsa ita ce 'yan kasuwa iri-iri ne: akwai mai saye da sayarwa a yini ɗaya, akwai mai duba littafinsa mako-mako, akwai mai jira wata. Lissafin ya fi GARCH sauƙi, ɗalibin shekarar farko a ƙididdiga zai iya yinsa, kuma a kasuwanni masu yawan ciniki ya saba doke GARCH mai dogaro da farashin rufewa. Ba don ya fi wayo ba. GARCH yana kallon kasuwa sau ɗaya a rana, shi kuma HAR yana kallonta sau 78 a yinin cinikin New York.

Akwai kuma wanda ba daga tarihi yake karatu ba sam, wato VIX, wanda kasuwar Shikago ta fara fitarwa a 1993. Shi daga kuɗin da mutane suke biya don inshorar hannayen jarinsu ake ciro shi, wato tsoron da ke zuciyar 'yan kasuwa game da kwana 30 masu zuwa. Ana faɗinsa da lissafin shekara. In kana son na rana, raba da 16. Ranar 16 ga Maris 2020 ya rufe a 82.69, wato ana tsammanin motsin kashi 5 kullum. Yana ɗauke da labari mai amfani, sai dai ya saba yin sama da abin da ke faruwa daga baya, domin mai sayar da inshora ba ya yi kyauta.

Sababbin hanyoyin koyon na'ura fa? Ana ta gwadawa, wasu nazarce-nazarcen suna samun riba, musamman in an ba na'urar ƙarin bayanai da yawa. Shawararmu ga mai karanta irin waɗannan takardun: ya fara duba da wa aka gwada. In da GARCH mara gyara aka kara, ba a sa HAR a fili ba, nasarar ba ta faɗi abu mai yawa ba.

Haka nan muna yawan cin karo da ayyukan ɗalibai a kan ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas: a jera GARCH da EGARCH da GJR, a duba wanda ya fi dacewa da bayanan da aka horar da shi a kansu, a naɗa shi sarki. Wannan kamar a ba ɗalibi tambayoyin da ya riga ya ga amsarsu ne. A ware shekara biyu ta ƙarshe, a ɓoye wa lissafin, sannan a gani. Kuma a tuna kasuwar tana da iyakar kashi 10 da farashin hannun jari zai iya motsawa a rana, ga hannayen jari da yawa da sukan yi sa'o'i ba a taɓa su ba. Bayanan minti 5 a irin wannan wurin yawancinsu sifili ne, don haka fifikon HAR ba lalle ya biyo mu gida ba.

Inda dukkansu suke makancewa

Duk lissafin da muka ambata, ban da VIX, ɗabi'arsu ɗaya: suna ganin ƙura bayan ta tashi, su ce za ta ɗan jima. Ba sa ganin tasowarta. Ranar 19 ga Oktoba 1987 ma'aunin Dow Jones ya faɗi da kashi 22.6 a yini ɗaya, kuma babu GARCH ɗin da zai ba ka lamba kusa da wannan a daren da ya gabata, duk da cewa makon da ya wuce ya riga ya yi zafi.

Mafi muni shi ne inda hukuma ce take riƙe da farashi. A Satumba 2011 babban bankin Suwizalan ya ce ba zai bari yuro ya sauka ƙasa da faran 1.20 ba. Shekara uku da 'yan watanni canjin ya zauna kusa da wannan layin, wani lokacin kusan ba motsi. Kowane lissafi ya duba tarihi ya ce wannan kuɗi ba shi da haɗari, dillalai suka bar mutane suna cin bashi mai yawa suna ciniki a kansa. Ranar 15 ga Janairu 2015 bankin ya janye hannunsa ba sanarwa. Cikin mintuna faran ya tashi da kusan kashi 30 kafin ya ɗan sauko, wasu kamfanonin dillancin canji suka durƙushe, wasu masu ƙaramin jari suka wayi gari ana bin su bashin da ya fi abin da suka zuba.

Mu wannan labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Sefa ta zauna a 50 kan faran ɗin Faransa ɗaya tun 1960, sai a Janairu 1994 aka wayi gari ta koma 100. Mutanen Maraɗi da Damagaram da suka yi wayo a lokacin suna tunawa. Naira a farashin hukuma ta shafe sama da shekara a wajen 197 zuwa 199 kan dala, sai ranar 20 ga Yuni 2016 ta rufe a wajen 280. Ranar 14 ga Yuni 2023 ta sake tsalle daga wajen 470 zuwa sama da 600 a yini guda. In ka ciyar da GARCH farashin hukuma na watannin da suka gabaci waɗannan ranakun, zai ce maka haɗari kusan sifili ne, kuma a bisa abin da aka nuna masa bai yi ƙarya ba. Bayanin da ake bukata yana wani wuri daban: a tazarar da ke tsakanin farashin banki da na 'yan canjin Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja, da kuma yawan dalar da ta rage a asusun ajiyar Babban Banki. A farkon Yunin 2023 ɗin nan, lokacin da farashin hukuma yake kwance a wajen 470, 'yan canji sun riga sun wuce 700.